Rahoton Ayyukanmu Na Shekarar 2025 A Bakin Tafkin Jabi Da Ke Abuja

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu 'yan ƙungiya. Shugaba ya ce in rubuto abin da muka yi bana kafin mitin ɗin ƙarshen shekara, to ga shi, duk wanda ya ga na tsallake wani abu sai ya tuna min a gurup.

Tattakin safiyar Asabar shi ne ƙashin bayan komai, kuma alhamdulillahi bai mutu ba. Muna haɗuwa bayan sallar asuba ta ɓangaren titin Alex Ekwueme, mu zagaya bakin ruwa, masu gudu su yi gaba, mu masu tumbi mu biyo a hankali. Lokacin hunturu ne aka fi jin jiki, watan Janairu hazo ya rufe tafkin har ginin Jabi Lake Mall ma da kyar kake hango shi a tsallake, amma wallahi akwai Baban nan namu mai hawan jini da bai taɓa fashi ba, da hular sanyi da carbi a hannu yana tafe yana tasbihi, kuma shi ke riga kowa zuwa. Ya ce min likitansa ya ji daɗin awon da ya yi masa na baya-bayan nan. Ni dai duk abin da muka yi bana wannan ya fi faranta min rai.

Azumi ya faɗo a watan Maris, ana tsananin zafi, sai muka mayar da fitar zuwa bayan la'asar, tafiya kaɗan ba gudu, sannan a shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin bishiya a jira magariba. Iyayenmu mata sun yi ƙoƙari sosai, kunun gyaɗa da ƙosai da kankana ba su taɓa yankewa ba, Allah ya saka da alheri. Da damina kuma ruwan sama ya hana mu fita wasu Asabar ɗin, wannan ba laifin kowa ba ne.

Sai fitar yara ta bayan Babbar Sallah a watan Yuni, wadda nake so mu tsaya a kanta. Yara sun hau doki, sun buga ƙwallo, an ci nama an sha zoɓo, komai lafiya har aka zo shiga jirgin ruwa. Wani mai kwale-kwale ya ɗebi yaranmu fiye da adadin rigunan ruwa da yake da su, wato laif jaket, ya ce ai zagaye ɗaya ne ba komai, kuma wasu iyayen suka yi shiru saboda yara suna ta kuka suna son shiga. Anti ma'aji ce ta riƙe igiyar jirgin da hannunta ta ce ba inda za shi sai kowane yaro ya sa riga an ɗaure masa, har wata yarinya da rigar ta yi mata yawa aka sauke ta tana rusa kuka. An yi cacar baki, an ji haushi, amma gaskiyarta ce. Tafkin Jabi tafki ne da aka haƙa aka tare ruwa, ba kududdufin bayan gida ba ne, kuma yawancin yaranmu ba su iya iyo ba, mu manyan ma mutum nawa ne suka iya? Tun ranar kwamiti ya yanke cewa ba riga ba shiga, babba ko yaro, kuma dole babba ɗaya ya raka kowane jirgi.

Mun yi aikin gayya na kwashe shara a inda muke zama, ledar fiya wata da robobin lemo muka fi tarawa, wasu har a cikin ruwa sai da aka sa sanda. Abin kunya a ciki har da namu na ranar Sallah. Don Allah kowa ya riƙa zuwa da ledar zuba shararsa.

Mun kuma leƙa Ushafa kusa da madatsar Usuma da ke ba Abuja ruwan sha, muka ga masu ginin tukwane a ƙauyen da Bill Clinton ya ziyarta a shekarar 2000, mata sun sayo tukwane har but ɗin mota ya cika.

Maganar kuɗi ma'aji za ta karanto dalla-dalla a mitin, amma masu bashin kuɗin wata sun san kansu, a taimaka a biya, domin so muke mu sayi namu rigunan ruwa na yara ƙanana mu daina dogaro da na masu jirgi, sannan mu nemi mai koyar da iyo. Wasu sun kawo shawarar baɗi a je madatsar Tiga a Kano, za a tattauna kuɗin mota da wurin kwana. Mitin ɗin ranar Asabar ne bayan tattaki, a inda muka saba zama, kowa ya zo da tabarmarsa.

Naku,
Sakatare