Wasiƙa zuwa ga Aminu a kan taba

Ɗana Aminu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun wuni lafiya, kai da Zainabu da 'yar ɗiyarku. Innarka tana gaishe ku.

Na san tsakanin Runjin Sambo da Mabera ba wata tafiya ba ce, amma akwai maganar da ke yi wa baki nauyi, shi ya sa na ɗauki biro. Ranar sunan ɗan ƙanwarka, bayan la'asar, na fito ta ƙofar baya sai na hango ka gindin darbejiya. Ka dunƙule karan cikin tafin hannu, wutar na ciki, kana kore hayaƙin da ɗaya hannun. Na san wannan riƙon, haka nake yi idan na ji motsin kakanka. Na juya na koma don kada ka ji kunya. Da ka shigo kana tsotsar Tom Tom ka durƙusa ka gaishe ni, ban ce komai ba, amma daren nan barci bai ɗauke ni ba.

Ba faɗa zan yi maka ba. Ni an yi mini faɗa har an gaji, bai raba ni da ko kara ɗaya ba. Shekara 22 ina sha, tun ina yaron mota a hanyar Illela. Sau uku ina bari ina komawa, a na huɗu Allah ya yarda. Abin da na koya da wahala shi nake son ka samu a sauƙaƙe.

Ka fara sanin abokin gabarka. Nikotin da ke cikin taba yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 bayan zuƙa. Mai shan kwali guda a yini, kara 20, zuƙa kamar goma a kowane kara, ka ga sau 200 ke nan kullum yana koya wa ƙwaƙwalwarsa cewa a nan sauƙi yake. Don haka idan ka yi niyyar bari ka kasa, ba lalacewa ba ce, ba kuma ƙarancin imani ba. Jiki ne aka horar, kuma ana iya sake masa horo. Sai dai kada ka raina ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 a shekara, kuma tana iya kashe rabin masu shanta da ba su bari ba. Abokina da muka fara sha tare, na je duba shi asibiti kafin ya rasu, an sa masa robar iska a hanci, ba ya iya kai Fatiha ƙarshe sai ya tsaya ya huta sau uku. Allah ya jiƙansa.

Ka sa rana, kada ta wuce mako biyu daga yau. "Zan riƙa ragewa" ba tare da rana ba, ita ta cinye mini shekaru. Daren jajibirin ranar ka tattara kwali da ashana da layita, har wanda ka ɓoye cikin mota, ka zubar. A wanke riguna da hula, warin da ke maƙale a yadi ma yana tayar da sha'awa. Ka je wurin mai teburin unguwarku ka biya shi abin da yake binka, ka ce ka bari. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar da ita kara-kara, amma ka san har yanzu ana yi, kuma wannan kara ɗayan shi ne tarkon.

Ka lura da lokutan da hannunka ke zuwa aljihu da kansa. Ni nawa uku ne: bayan cin tuwo, zaman teburin mai shayi, da lokacin da rai ya ɓaci. Wata guda cur na ƙaurace wa majalisarmu, aka yi ta cewa na yi girman kai, na haƙura. Ina ajiye loma ta ƙarshe nake miƙewa in wanke baki in sa asuwaki. Sha'awar idan ta taso ji za ka yi kamar ba za ta tafi ba, alhali 'yan mintoci ne take yi ta lafa, ko ka sha ko ba ka sha ba. Ka kurɓi ruwan randa a hankali, ka tauna kanumfari, ko ka yi alwala ka kawo nafila raka'a biyu, kafin ka sallame ta sake ka. Ka kuma rage shayi da goro, don jikin da ya bar taba ya fi jin ƙarfinsu, sai su hana ka barci.

Kwana ukun farko su ne dutsen. Za ka yi fushi ba dalili, kai ya yi nauyi, yunwa ta dame ka, tari ma yana iya ƙaruwa kafin ya ragu. Cikin mako biyu zuwa huɗu yawancin wannan yana wucewa. Ka gaya wa Zainabu tun da wuri don ta san ba da ita kake ba. Innarka ta sha haƙuri da ni a kwanakin nan, har gobe ina gode mata.

Abin da ban samu ba a zamanina kai kana da shi: magani. Akwai cingam na nikotin da filastar da ake mannawa a fata, suna ba jiki nikotin kaɗan ba tare da hayaƙi ba, a riƙa ragewa har a rabu. Cingam ɗin ba a tauna shi kamar na yara, ana taunawa kaɗan sai an ji yaji-yaji, a ajiye shi gefen kunci. Akwai kuma ƙwayoyin da likita kaɗai ke rubutawa. Ka je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko asibitin tarayya na masu taɓin hankali da ke Kware, ka faɗa wa likita gaskiyar kara nawa kake sha. Kada sunan Kware ya ba ka kunya, raba mutum da abin da ya kama shi yana cikin aikinsu. Kuma kada wani ya ce ka koma shisha ko garin taba, duk gida ɗaya suka fito, ruwan tulun shisha ba ya tace dafin.

Na ga kana azumi cikin zafin Sakkwato, fiye da awa 13 ba ka taɓa ta ba. Wanda ya iya wannan zai iya sauran. Kuma jiki ba ya riƙo: cikin awa 12 da barin taba iskar guba ta hayaƙin tana fita daga jini, bayan shekara guda haɗarin ciwon zuciya ya ragu da kusan rabi, wanda ya bari a shekarunka kuwa kusan shekara 10 yake ƙwatowa daga abin da taba ke ci. Ina son ka ga auren ɗiyarka da ƙarfinka, ita ma ƙirjinta ya huta da hayaƙin da take shaƙa.

Idan ka zame ka sha ɗaya, kada ka ce shi ke nan ka sayi kwali. Ka kira ni ko tsakar dare ne, ba zan tambaye ka dalili ba.

Ranar Juma'a a Masallacin Shehu zan yi salla. Na sayi damin asuwaki da kanumfari, suna aljihuna. Ka same ni bayan an sallame, ka gaya mini ranar da ka sa.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.