Barka da Sallah daga Nebraska

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Baba da Inna da duk mutanen gida. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kuna lafiya, ina yi muku barka da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana, ya dawo da alhazanmu lafiya.

Wayar da muka yi ɗazu ba ta ishe ni ba. Kowa na fizgar wayar, yara na ihu, muryar Inna ma daga bakin murhu na jiyo ta. Shi ya sa na zauna rubutu. Awa shida kuka riga mu, don haka na san yanzu kun kwanta da gajiyar fiɗa. Auta ya karanta muku gobe in an natsu, kuma kada ya yi tsallake yadda ya saba.

Baba kullum tambayarsa ita ce, wai garin nan namu ina yake daga New York? Baba, ko kusa. Muna can tsakiyar Amurka ne, a jihar Nebraska, a arewacinta, dab da iyakar Dakota ta Kudu. Ƙaramar hukumar sunanta Cherry, sunan wani hafsan soja ne da aka kashe a 1881, ita kuma aka kafa ta a 1883. A cikin ƙananan hukumomi 93 na jihar babu mai girmanta. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 15,500, wato kusan kashi uku cikin huɗu na jihar Kano gaba ɗaya. To ku canki mutanen da ke ciki. Da aka yi ƙidaya a 2020, mutum 5,455 aka samu. Ba dubu ɗari biyar na ce ba, dubu biyar da ɗari huɗu da hamsin da biyar. Na san Kawu zai ce kasuwar Wudil ranar Juma'a kafin azahar ta ninka haka, kuma ba zan yi masa musu ba.

Kusan rabinsu ma a nan Valentine suke, hedkwatar, inda nake zaune, mu 2,600 da 'yan kai. Sauran sun warwatsu a gidajen kiwo da wasu 'yan ƙauyuka da ke jere a bakin titi ɗaya: Wood Lake, Crookston, Kilgore, Nenzel, Cody, Merriman. Nenzel ɗin nan mutanenta ba su kai talatin ba, amma ga allon suna a bakin hanya, ga ta a taswira, babu mai raina ta. A Cody kuwa, da suka daɗe ba su da kantin cefane, sai suka gina ɗaya da dammunan ciyawa aka shafe, 'yan makarantar garin ne ke gudanar da shi. Saboda faɗin ƙasar, agogo biyu ake bi a cikin ƙaramar hukuma ɗaya. Mu na gabas muna gaba da awa guda, na yamma suna baya. In aka ba mutumin Merriman lokacin ganin likita, sai an ƙara masa da cewa agogon Valentine ake nufi.

Ƙasar kanta rairayi ce zalla, tudu bayan tudu har iyakar ganinka, sai dai ciyawa ta lulluɓe ta, saiwarta ce ke riƙe da yashin. Baffa da ya yi zaman Agadas zai gane siffar tuddan, amma zai sha mamakin korensu a wannan watan. Itatuwa ba su da yawa sai a bakin kogi. Ruwa kuwa yana nan kwance a ƙarƙashin ƙasa, mai yawan gaske, har yana ɓullowa ya zama tafkuna a cikin kwari. Ko'ina ka duba za ka hangi famfo mai farfela, iska na juya shi yana zuba ruwa a wani makeken kwatarniyar ƙarfe, shanu na sha, ba guga ba igiya. Akwai kogin Niobrara da ya ratsa ta kusa da gari, da wani wuri da ake kira Smith inda ruwa ke zubowa daga tsayin mita 19, wanda ya fi kowane tsayi a jihar. Da bazara baƙi kan zo su hau kwalekwale, su ne ma ke sa garin ya ɗan yi motsi.

Noma dai ba ya yi a mafi yawan wurin, kuma an gwada. A 1904 gwamnati ta yi dokar ba duk wanda zai zo ya zauna eka 640 kyauta. Mutane suka yi ta tururuwa, har a 1920 aka ƙirga 11,753. Sai dai da zarar garma ta yaye ciyawar, iska ta kwashe ƙasar. Ɗaya bayan ɗaya suka sayar wa masu shanu suka kama gabansu. Tun daga lokacin duk ƙidayar da aka yi raguwa ake. Yara na gama sakandare su tafi Omaha ko Lincoln ko Denver, kaɗan ke dawowa, a bar tsofaffi. Dalilin da ya sa aka nemo ma'aikacin jinya tun daga Wudil ke nan. Mafi yawan waɗanda nake kula da su sa'o'in Baba ne ko sun girme shi, Turawa, sai kuma 'yan asalin ƙasar, Lakota, waɗanda yankinsu na Rosebud ke arewa da mu kaɗan. Wani tsoho ya ce min 'ya'yansa huɗu, ba ko ɗaya a jihar. Na rasa abin cewa, don ni ma ga inda nake.

Shanu kuwa, Kawu, sai ka zo da kanka. Sun haura dubu ɗari nesa ba kusa ba, kuma wurin na sahun gaba a duk Amurka wajen yawan shanun haihuwa. Galibinsu baƙaƙe ne ƙirin, ba ƙaho ba tozo, gajeru masu jiki. Da za a kawo bunaji ɗaya nan da sai an taru kallo. Ba ka ganin makiyayi da sanda a kafaɗa. Waya mai ƙaya aka ja ta kewaye ko'ina, mai shanu ya zaga da mota ko doki ya duba ya koma. In lokacin yi wa maruƙa lamba ya zo, gayya suke yi: yau a gidan wannan, jibi a gidan wancan, maza na kamu da ɗaure, a ɗora ƙarfe mai zafi, a yi allura, a yi dandaƙa, sannan a zauna a ci abinci. Na halarci ɗaya, kuma ba zan faɗi abin da suka soya suka miƙo min ba tunda Inna na ji. Na kuma leƙa kararsu. Zaure ne da kujeru hawa-hawa, a koro shanu su wuce ta kan sikeli, wani mutum na zuba lissafi da sauri ba ya ko numfashi, mai saye ya ɗan ɗaga yatsa, shi ke nan ciniki ya faɗa. Babu “albarka”, babu jan hannu gefe, babu mai rantsuwa da kabarin kakansa.

Jiya na yi azumin Arfa. Alfijir na ketowa wajen ƙarfe huɗu, rana kuma ba ta faɗuwa sai bayan tara, kusan awa goma sha bakwai. Yau ba hutu ba ne a nan, sai da na yi musayar aiki da wata abokiyar aikina, Allah ya saka mata, sannan na samu zuwa Idi. Masallaci babu a duk faɗin ƙasar nan da na lissafa muku. Sai na bi titi mai lamba 83 na yi kudu tun da duhu, daga baya na karkata gabas zuwa Lexington, kimanin kilomita 300, inda 'yan Somaliya da suka zo aikin kamfanin nama suke da masallaci. Daga Valentine zuwa Thedford, kilomita ɗari da wani abu, ba gari a bakin hanya, sai shanu da bareyi. Motar da kuka yi kiciɓis da ita, direban zai ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari, gaisuwarsu ke nan, ko ya san ka ko bai san ka ba. Ni kaɗai na yi ta kabbara a mota. Da na shiga sahu na ji an ɗauka gaba ɗaya, sai da idona ya kawo ruwa. Huɗubar da Somaliyanci aka yi ta, ban tsinci komai ba sai ayoyin, amma an rungume ni, an ba ni shayi mai kayan ƙamshi, wani ɗan Sudan ma ya gaishe ni da Hausa, ya ce kakanninsa daga Sakkwato suka tashi a hanyar Makka.

Amma abin da ya zaunar da ni rubutun nan nama ne. Ga ni a tsakiyar shanu, ban ji ƙaurin babbaka ba yau. Tumaki ba su da yawa a nan, kuma ko ka sayi dabba, mahauci ake kai wa, a ba ka rana watanni a gaba. In ka je karɓa, a miƙo maka ƙulli-ƙulli a farar takarda, daskararre, an rubuta sunan kowane yanki. Kai da ƙafa babu. Tumbi da hanji babu, da na tambaya ma kallon mamaki aka yi min. To ina Sallar take? Ni Sallata tana farawa ne daga lokacin da Inna ta zuba kayan ciki a kasko, kitsen ya fara narkewa, a ɗebo hantar farko a kai wa Baba zaure, mu kuma mu yi ta shawagi a bakin murhu ana korar mu da muciya. Ragon na rataye ya kwana yana shan iska. Washegari a sauke a yanyanka, Gwaggo ta zauna gaban faranti tana kiran gidaje da suna: wannan na gidan Liman, wannan na gidan mai unguwa, cinyar nan ta surukai ce kada wanda ya taɓa, wannan na tsohuwar bayan masallaci. A ɗora mana a ka, mu yi ta zarya har la'asar, muna lissafin tukuici a hanya, muna faɗa kan wanda zai kai gidan da ake ba da mai tsoka. Sai romon kai da ƙafa da safe, sai suyar da ake zubawa a tukunya ta daskare cikin manta, wadda Inna ke kulle wa a ɗaki ta ce ta ƙare, amma in baƙo ya zo bayan wata guda a ga ta fito.

Na sayo naman akuya a kantin 'yan Somaliya na dawo na soya da ɗan sauran yajin da na taho da shi. Ya yi daɗi, ba yabon kai ba. Na zuba a faranti uku don al'ada, sai na tsaya tunanin gidan da zan kai. A nan ba a faɗa wa mutum gida ba sanarwa. Na dai yi ƙarfin hali na ƙwanƙwasa wa maƙwabciyata, wata tsohuwa da mijinta ya rasu ta bar gidan kiwonsu ta dawo gari. Ta tambaye ni nawa za ta biya! Da na yi mata bayanin layya da Annabi Ibrahim, sai ta ce ai ta san labarin daga coci. Yajin ya sa ta tari har da hawaye, amma ba ta ajiye ba. Ɗazun nan ta dawo min da farantin da wani kek na 'ya'yan itace a ciki. Na biyu na kai wa masu aikin dare. Na uku ga shi a gabana.

Kada Inna ta sa damuwa a ranta, mutanen kirki ne, ba a kulle mota ma a garin. Sanyin da na ba ku labari ya wuce, yanzu zafi ake har da tsawa da ƙanƙara. Ina cin abinci, ban rame ba, hoton ne kawai.

Baba, na ga ragon, balami ne na gaske, Kawu ya iya zaɓe. Allah ya karɓa, ya ƙara girma da lafiya. A gaishe da Kawu da iyalinsa, da Baffa, da Yaya Babba da matansa duka biyu, kada a ce na fifita wata. Gwaggo kuwa gaisuwarta daban ce. A ce mata ina sane da ciwon gwiwar, kuma na ji labarin ta daina shan maganin don wai ta ji sauƙi. Ta ci gaba da sha, kuma ta rage gishiri a romon gobe, in ba haka ba zan sa Auta ya riƙa kawo min rahoto. A ce mata har yau ban ci tuwon da ya kama ƙafar nata ba, kuma kason da take ɓoye min a ƙarƙashin kwano, bana ta ba Ummi, na yafe. Ummi, an ce ɗinkinki bai fito ba sai daren jiya kina ta kuka. Haka telan nan ya yi min shekara da shekaru, ki saba. A gaishe da Malam Liman da almajiransa, a ba su kasonsu da wuri. A gaishe da mutanen majalisar ƙofar gida, da mai shayin bakin titi, da duk wanda ya tambaye ni. Mutanen ɗakina mun yi waya. Yaran dai a riƙa lura da su wajen kogi kwanakin nan.

Goron Sallar yara na turo wa Yaya Babba, a raba har da 'ya'yan maƙwabta. Auta, naka na ciki, kada ka ƙara kira na a kai. In an samu mai tahowa, Inna ta daka min yaji mai yawa, da kuka da kuɓewa busasshiya. Amma kada a sa kilishi ko dambun nama ko kaɗan, a filin jirgi za a ƙwace, har a ci mutum tara.

Wassalam.

Ɗanku,
Babangida