Wasiƙar makaranta: motsa jiki ga iyaye masu lalurar rashin natsuwa

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara,

Wasiƙar wannan karon ku ta shafa. Lalurar rashin natsuwa da yawan ƙiriniya, wadda likitoci ke kira ADHD, tana bin jini sosai, don haka yaron da ke da ita sau da yawa akan samu mahaifinsa ko mahaifiyarsa ma na fama da ita ba tare da sun sani ba. Ana samun ta a kusan kashi 5 cikin 100 na yara, da kusan kashi 2.5 na manya. Babba ba ya tsalle-tsalle a kan benci, amma za ka gan shi yana kaɗa ƙafa, yana juya makulli a hannu, ya kasa zama har a tashi taro.

Da aka ɗaura wa irin waɗannan manya na'urar auna motsi a wuyan hannu, an ga agogon jikin da yawa daga cikinsu yana makara. Da safe jiki a mace, da yamma ya farfaɗo, da dare kuma motsi ya ƙi tsayawa. Sinadarin melatonin da ke kiran barci yakan makara, har kusan awa ɗaya da rabi ga waɗanda barci ke yi wa wuyar ɗauka. Uban da bai runtsa ba sai ƙarfe ɗaya na dare, da wuya ɗansa ya iso makaranta kafin a kaɗa ƙararrawa.

Saboda haka lokacin motsa jikin yana da muhimmanci kamar yawansa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2020, ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako. Mafi sauƙi shi ne minti 30, kwana 5. Ku sa shi da safe, a waje, bayan gari ya waye, domin hasken safiya yana dawo da agogon jiki kan hanya. Wanda gidansa ke kusa ya rako yaro da ƙafa, minti 15 zuwa, minti 15 dawowa, an gama. Saurin tafiyar ya kai yadda za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. Iyaye mata, daka da ɗibar ruwa da sharar tsakar gida duk suna shiga lissafi idan numfashi ya ɗan hau. Motsin yana ɗaga dopamin, sinadarin ƙwaƙwalwa mai taimaka wa natsuwa, na ɗan lokaci, to aikin da ke son natsuwa, kamar lissafin shago, a yi shi nan take bayansa.

Inda abin ke lalacewa shi ne zumuɗin farko. Mutum ya fara da gudun awa guda kullum, kwana huɗu ya watsar. Mai wannan lalura niyya kaɗai ba ta riƙe shi, sai ya ɗaura tafiyar a jikin abin da ba ya fashi, kamar rakiyar yaro, ko ya samu maƙwabcin da zai buga masa ƙofa. Sai ƙwallon dare: motsi mai ƙarfi cikin awa ɗaya kafin kwanciya yana iya korar barci. Goro da shayi mai kauri ma a bar su daga la'asar, don bayan kusan awa 5 rabin sinadarinsu mai hana barci (caffeine) na nan a jini.

Motsa jiki ba ya maye gurbin magani. Mai shan methylphenidate, maganin da ake bai wa masu wannan lalura, ya riƙa auna hawan jini, domin maganin kan ƙara shi da bugun zuciya. Wanda ya ga kansa a wannan bayani, kuma ya san alamun sun fara tun kafin ya kai shekara 12, ya nemi likitan ƙwaƙwalwa, kamar a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna.

Wassalam,
Sashen ba da shawara, a madadin hukumar makaranta