Baba, Na Ga Irin Aikinku a Ingila

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kuna lafiya, ku da Mama da dukan mutanen gida a Sabon Tasha. Yaya ƙafar taku? Auta ya ce mini kun fara fita sujadar safe ba sanda, na gode wa Allah. Ni ma lafiya lau nake, sai dai sanyi ya shigo da ƙarfi, kuma tun ƙarfe huɗu na yamma gari ke yin duhu.

Akwai maganar da sau biyu ina ɗauko ta a waya, sai ta tsaya mini a maƙogwaro. Shi ya sa na rubuta. In idon ya gaji, Auta ya karanta muku.

Kwanaki kun tambaye ni inda nake sujada. Garin da nake a yankin Lincolnshire ƙarami ne, ko kusa bai kai Kachia ba, ƙasa shimfiɗaɗɗiya ba tudu, sai gonakin alkama da dankali. Ikkilisiyarmu babu ita a nan. Majami'ar da ta fi kusa da ɗakina ta Metodis ce. Ranar da na fara shiga mu goma sha ɗaya ne, kuma in aka cire ni babu wanda bai yi furfura ba. Ba ganga, ba tulun zumuntar mata, wata tsohuwa ce kawai ke kaɗa ogan. Awa ɗaya cif aka tashi, aka sha shayi da biskit. Na koma ɗaki zuciyata a sanyaye.

Rabaran ɗin da ke kula da mu ba kowace Lahadi ake ganinsa ba, domin majami'u biyar ne a wuyansa, a ƙauyuka biyar. Haka tsarinsu yake: ana haɗa majami'un da ke kusa da juna a da'ira ɗaya, fastoci kaɗan su riƙa zagaya su. Duk wata uku ake fitar da jadawali a manna a bakin ƙofa, kowa ya ga wanda zai hau mumbari a ina, kuma ran nawa ga wata. Yawancin Lahadi masu wa'azin sa-kai ne ke tsayawa, waɗanda aka horar amma ba a naɗa su ba. Namu ɗaya manomi ne, ɗaya malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Rabaran kuwa yakan yi sujadar ƙarfe tara a wannan ƙauye, ya isa wancan kafin sha ɗaya, ƙarfe shida na yamma yana na uku. Kujerar bayan motarsa cike take da littattafan waƙa, da takalmin ruwa, da kwalin abincin gwangwani da yake kaiwa inda ake raba wa mabukata.

Abin da ya sa na ɗauki biro a wurin aikina ya faru. A gidan kula da tsofaffin da nake akwai wata baiwar Allah da ta haura casa'in, ciwon mantuwa ya ci ƙarfinta har 'yar cikinta ba ta ganewa. Duk farkon wata Rabaran yakan kawo mata Jibin Ubangiji. Yana da ɗan akwati, ciki ƙananan kofunan gilashi da ba su wuce babban yatsa ba, da ruwan inabi marar sa maye, don su Metodis ba sa amfani da mai barasa. Ranar ina cikin ɗakin ina gyara mata matashi. Ya durƙusa gaban kujerarta, shi da gwiwa ke damunsa, ya gutsuttsura gurasar don kada ta shaƙe. Inabin ya zubo mata a haɓa, ya ciro hankici ya share. Ko agogo bai duba ba. Sai ya fara rera wata waƙar Charles Wesley, babban marubucin waƙoƙin Metodis, a hankali. Baba, matar da ta kwana biyu ba ta ce mana uffan ba, ta kama waƙar nan ta kai ta har baitin ƙarshe, ba ta ɓata kalma ɗaya ba.

Na fita baranda na yi kuka. Ku nake gani, a ƙauyen nan na bayan Kachia, kun durƙusa a ɗakin tsohon nan makaho kuna riƙe da hannunsa, ni kuma ina bakin ƙofa da jakarku, ina ƙunƙuni don rana ta yi ga yunwa.

Tun daga ranar na riƙa damunsa da tambaya, har wata Asabar ya ɗauke mu, mu uku, zuwa Epworth, ba nisa daga nan. Can aka haifi John Wesley, wanda ya kafa Metodis, a 1703. Mun shiga gidan da aka sake ginawa bayan gobarar 1709, wadda aka ciro shi daga cikinta ta taga yana ɗan shekara biyar. Mun ga kabarin mahaifinsa, wanda shi ne limamin cocin garin. A 1742 da aka hana Wesley mumbarin wannan coci, kan kabarin ya hau ya yi wa jama'a wa'azi. An ƙiyasta cewa kafin ya rasu a 1791 ya yi tafiyar mil 250,000, yawanci bisa doki, ya yi wa'azi kusan 40,000. Daga wannan yawo nasa da'irar ta samo asali. Da Rabaran ya ji daga Nijeriya nake, shi ya fara ambato mini Thomas Birch Freeman, ɗan mishan na Metodis da ya sauka Badagry a 1842, ya ce yau Metodis ɗin ƙasarmu sun fi na nan yawa nesa ba kusa ba. Ya faɗa yana murna, ba da baƙin ciki ba. Ni kuwa yana maganar doki, tsohon kekenku nake tunawa, da yadda kuke saɓa shi a kafaɗa ku haye rafi da damina, ku dawo da laka har gwiwa, da tiyar dawa da 'yar kaza a ɗaure a baya, baikon mutanen da ba su da kuɗi.

A watan jiya aka rufe ɗaya daga cikin majami'unsa. Mutum shida suka rage, rufin yana yoyo, kuɗin ɗumama ginin ya fi ƙarfinsu. Na je sujadar ƙarshe. Bai ɗora wa kowa laifi ba. Ya karanta sunayen waɗanda aka yi wa baftisma da waɗanda aka ɗaura wa aure a wurin, ya yi godiya ga Allah, sannan ya tsaya a ƙofa ya sanar da kowane ɗaya wanda zai zo ya ɗauke shi da mota Lahadi mai zuwa. Shi da kansa ya kashe fitila ya sa makulli. A hanya na tambaye shi ko bai taɓa sha'awar babban coci a birni ba. Ya ce mutum shida ma sai sun sami mai binne su da sanin sunansu.

Abu ɗaya na tsarinsu da na so a ce muna da shi a gida: asalin albashin fasto iri ɗaya ne, ko a Landan yake ko a ƙauye, kuma ana ba shi gida. Ba ya zaman jiran abin da aka samu a kwanon baiko kafin 'ya'yansa su je makaranta. Amma canjin wuri yana nan kamar namu. Shekara biyar ake fara ba mutum, shekararsu kuma ran 1 ga Satumba take somawa. Shi ma baɗi zai tashi, matarsa har ta fara tara kwalaye.

Baba, kun san makarantun firamare huɗu na yi saboda canjin wurin nan. Kun kuma san abin da na faɗa muku shekarar da aka koro ni kan kuɗin makaranta. Na ce abokanku suna manyan majami'u a Kaduna da motoci, ku kuna ɓata rayuwarku a daji kan mutum ashirin. Ba ku ce mini komai ba, kuka ɗauki kekenku kuka fita, washegari Mama ta kai cittar da take ajiya kasuwa. Shekara ashirin da wani abu ke nan, ban taɓa ba ku haƙuri ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ni sai da na haye teku. Na yi muku laifi, na yi wa Mama. Don Allah ku gafarce ni.

Ina da roƙo. Ku sa Auta ya rubuta mini sunayen ƙauyukan da kuka yi hidima, ɗaya bayan ɗaya, tun daga na farko, da shekarun in kuna tunawa. Ya kuma ɗauko hoton nan naku da keken da ke cikin akwatin Mama ya turo mini ta WhatsApp. Na ba Rabaran labarinku, ya ce yana so ya ga fuskarku, kuma ya sa sunanku a addu'ar Lahadin da ta wuce.

Na tura kuɗin magani da na Kirsimeti ta hannun Yaya. A cire na zanen zumuntar Mama tukuna. In an sami mai zuwa, a aiko mini da littafin waƙoƙinmu na Hausa da ɗan yaji, tsohuwar da ke kaɗa ogan ta ce in koya musu waƙa ɗaya kafin Ista. A gaishe mini da Mama, da Gwaggo a Narayi, da Kawu da iyalinsa, da dattawan ikkilisiya.

Ubangiji ya kiyaye ku.

Ni ce 'yarku.