Maganar Archie Bunker, a sake duba ta

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya ƙoƙari?

Na karanta rubutun da kuka buga kan tsohon wasan barkwancin nan na Amurka, All in the Family, inda marubucinku yace wai wasan ya wanke zukatan Amurkawa daga wariyar launin fata. Gaskiya ni dai ban yarda ba, abin bai kai nan ba.

Tashar CBS ce ta fara nuna shi a Janairun 1971, mai shirya shi Norman Lear ya ɗauko shi daga wani wasan BBC. Babban ɗan wasan cikin labarin, Archie Bunker, aikin lodin kaya yake, yana zaune a Queens cikin New York, wani lokaci har tasi yake ja da dare don kuɗi su isa, ya dawo a gajiye ya zube a kujerarsa wadda ba wanda ya isa ya zauna a kai, sai ya hau zagin baƙaƙen fata da Yahudawa da duk wanda ba irinsa ba, ga mijin 'yarsa Mike ɗan jami'a zaune a gidan yana cin abincinsa kuma kullum sai sun yi musu, matarsa Edith baiwar Allah tana ta raba su.

Shi Lear so yake a yi wa Archie dariya. To amma da yawa bayansa suka goya, a 1972 har sitika ake mannawa a mota wai Archie ya fito takarar shugaban ƙasa! Binciken wasu masana, Vidmar da Rokeach, na 1974 ma ya nuna masu ra'ayi irin nasa gani suke shi ke da gaskiya a musun. Shekara 5 a jere wasan na kan gaba a Amurka, amma fa ba abu ɗaya kowa ke kalla ba.

Abin da ya fi min ciwo shi ne yadda marubucinku ya kira Archie jahilin lebura ya wuce abinsa. Haba! Akwai fitowar da aka kulle su shi da Mike a ɗakin ajiya, ya sha ya bugu, ya fara ba da labarin yarintarsa, talauci ya sa yana zuwa makaranta da takalmi wari da wari, ƙafa ɗaya but mai dogon wuya ƙafa ɗaya takalmi, yara suna masa ba'a, babansa yana jibgarsa kuma a bakinsa ya koyi wannan ƙiyayyar, amma duk da haka ya ƙi yarda a ce baban ya yi kuskure. Wallahi Carroll O'Connor, wanda ya fito a matsayin Archie, ya taka wurin nan yadda sai jikinka ya yi sanyi. Ba wai ina wanke zagin da yake ba ne, zagi zagi ne, amma mutum ne da tsoro ya cika masa ciki, yana ganin duniya na canzawa ba wanda ya tambaye shi, kuma leburori da yawa nan suka ga kansu.

Don Allah ku ba marubucin ya kalli wannan fitowar, sannan ya sake mana rubutu.

Nagode, naku mai karatu.