Tanti, na san sirrin mai neman auren ƙanwata, amma a wurin aiki na sani

Assalamu alaikum Tanti, ina yi miki fatan alheri ke da duk ma'aikatan gidan rediyo. Dan Allah kar a faɗi sunana ko lambata, in za ki karanta ki ce wata baiwar Allah daga Damagaram kawai, kin san garin namu, mutum ya yi tari a Birni sai an ce masa sannu a Zango.

Ni animatiris ce a wata ƙaramar ONG da ke taimakon masu taɓin hankali da farfaɗiya da ciwon damuwa da yaran da tramol ya lalata. Ba mu da yawa. Akwai Madam shugabarmu, akwai wani tsohon Majo, wato babban ma'aikacin jinya, da ya yi ritaya daga aikin gomnati shi ke duba marasa lafiya ya rubuta ordonans, wanda ya fi ƙarfinsa ya tura babban asibiti, akwai wani Malam da ke raka mu wayar da kai, sai direba, sai mu masu shiga gida gida da ƴan rele na unguwanni, wato mutanen unguwa da ke haɗa mu da jama'a. Muna zuwa har wajen Mirya da Matamai da Magarya in akwai mai a mota. Aikina ni in zauna da uwa in lallashe ta a cire wa ɗanta mari, in tuna musu ranar randebu, in duba ko ana shan magani ko an zuba shi a shadda.

To a 2021 wata tsohuwa ta kawo mana ɗanta, ya dawo daga Libiya ba ya barci, yana magana shi kaɗai, ya ce ana bin shi. An yi rubutu an yi hayaƙi an sayar da awaki, da abin ya gagara aka ɗaure shi a ɗaki. Ni na buɗe masa dosiye da hannuna, na ga sawun sarƙa a ƙafarsa har ya yi gyambo. Majo ya sa shi a kan allurar wata wata, kuma wallahi Tanti Allah ya ba shi lafiya, yanzu in kin gan shi ba za ki taɓa cewa shi ne ba, yana da sana'arsa (ba zan faɗe ta ba), yana riƙe uwarsa, sallah ba ta wuce shi.

Shi ne yanzu ya fito neman ɗiyar baffana. Gida ɗaya muka tashi, ni na goye ta, ba ta da wata yaya sai ni. Tana son shi sosai, har an kai kuɗin gaisuwa. Ran da ya zo gaida iyaye na fito da buta muka haɗa ido a zaure, sai da hular hannunsa ta faɗi. Washegari ya tare ni a bakin buro, bai ma iya gaisuwa ba, ya ce Anti ki rufa mini asiri yadda Allah ya rufa miki, in baffanki ya ji kalmar nan shi kenan, wa zai ba mahaukaci ɗiya. Kuma gaskiya ya faɗa, na san baffana. Abin da ya ƙara dagula ni, baffa ni ya kira ya ce ke da kike yawon gari kin san mutane, ki bincika mana asalin yaron nan da halinsa.

Na kai maganar wurin abokan aiki ban faɗi ko waye ba, ko da yake na san Majo ya gane. Nan fa kowa ya kama tasa.

Majo ya ce ko kusa. Ya ce abin da mara lafiya ya faɗa a ɗakin nan a ɗakin yake mutuwa, kuma na sa hannu a kan haka a kontirana. Ya ce ki duba yadda suke zuwa mana, mata da niƙabi waɗanda ko a kasuwar Dole ba su sa shi, maza su aje moto nesa su tako da ƙafa ta ƙofar baya, wasu su ce a rubuta musu wani suna. Shekaru muka yi kafin mutane su yarda su zo, ranar da aka ji wata ma'aikaciya ta fasa auren wani da dosiye, duk za su koma ɗaki a ɗaure, kuma ina za su je, likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ƴan kaɗan ne kuma yawanci suna Yamai, kusan kilomita 900 daga nan, talaka bai da kuɗin kai ɗansa Pabiyon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba, mutumin da mara lafiya ya taɓa yaga masa riga ya yi dariya ya ce daman ta tsufa.

Malam kuma ya ce a'a, maganar aure daban take. Ya ce wanda aka nemi shawararsa an ba shi amana ne, faɗin aibi a neman aure ba gulma ba ce, kuma a fiƙihun Malikiyya hauka na cikin aibobin da in an ɓoye ake iya warware aure a kansu. Amma da na tambaye shi to wanda ya warke yana shan magani fa, shi ma sunansa kenan har abada, sai ya yi shiru ya ce zai duba. Malam mutumin kirki ne, shi ke hawa mumbari ya ce wa mutane ruƙiyya ba ta hana allura, da bakinsa aka kwance mutane da yawa, shi ya sa maganarsa ta tsaya mini a rai.

Wanda ya fi ba ni tausayi wani ɗan rele ɗinmu ne, shi ma da a hannun Majo ya warke, yanzu yana da mata da yara. Ya ce shi da bakinsa ya gaya wa matarsa kafin aure, ta yi kuka ta amince, kuma ita ce ke fara ganewa in barcinsa ya soma raguwa ta ce tashi mu je wurin Majo. Ya ce matar da ba ta sani ba, ran da ciwon ya motsa za ta ɗauka sammu ne ko kishiya ake shirin yi mata. Amma ya ce shi ma sai da aka hana shi aure a wani gida saboda ya faɗi gaskiya.

Madam ba ta ma da lokacina. Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 masu ba da tallafi suka soma janyewa, a farkon 2025 Amurka ma ta tsaida nata, yanzu kullum tana kan ordinatar tana rubuta rapor da neman proje, albashinmu ma sai a hankali. Ta ce kawai ki bi doka. Direba kuwa da ya san ƙofar gidan kowa cewa ya yi shi idonsa na kan hanya.

Ga abin da ke hana ni barci. Tun da ya fara neman auren nan ya soma tsallake randebu, wai kar wani dangin yarinya ya gan shi yana shiga wurinmu, ga shi allurar da muke ba su kyauta a da, yanzu sai an saya a farmasi. Na san abin da ke biyo bayan barin magani, na sha gani. In ya tashi mata da dare a ɗaki ita kaɗai fa? Ba wai yana da duka ba, ko lokacin da yake ɗaure bai taɓa kowa ba, yawancinsu ma su ake cuta ba su ke cuta ba, amma yarinya ce ƙarama. Kuma ran da asiri ya tonu aka gane tun farko na sani, da wane ido zan dubi baffa da inna?

Ni a ganina baffa bai da haƙƙin sanin ciwon nan, amma ita tana da shi, ita za ta zauna da shi. Na ce masa ya gaya mata da kansa, in yana so Majo ya zauna da su biyun ya yi mata bayani, ya ce in ba shi lokaci. Lokacin ne babu, ana maganar sa rana bayan Sallah.

Tanti in ya ƙi faɗa, in faɗa mata ni, in karya alƙawarin aiki, wataƙila a kore ni, wataƙila shi kuma baƙin ciki ya maida shi gidan jiya? Ko in ba shi wa'adi, kuma wa'adin bai zama barazana ga mara lafiya ba? Shi kuma baffa mi zan ce masa wanda ba ƙarya ba kuma ba tonon asiri ba? Yana jiran amsata ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci. In akwai lokotoro ko malami cikin masu saurare dan Allah su ma su sa baki.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Ƙanwarki daga Damagaram