Zuwa ga Hajiyar da ta tambaya ko za a iya sake buɗe ɗaukaka ƙarar ɗanta

Assalamu alaikum Hajiya, ya haƙuri?

A taron ƙungiyarmu na Columbus kin miƙe a gaban jama'a kin yi mini tambaya, tunda aikin tafinta nake yi a kotu. Kin ce an ɗaure yaron, an ɗaukaka ƙara, kotun sama ta tabbatar da hukuncin, kuma lauyan da ya riƙe ɗaukaka ƙarar bai tsinana komai ba, ko wayarki ba ya ɗauka. Shin ana iya sake buɗe maganar, ko shi ke nan? Na ga gara in amsa a rubuce, don na lura da waɗanda suka yi tsit suna sauraro, kuma na san wasunsu na da irin wannan a gida.

Akwai hanya, Hajiya, amma tana da wa'adi, kuma ranar da aka shigar da hukuncin kotun sama a rajista ya fara gudu.

A shekarar 1985, a shari'ar Evitts da Lucey, Kotun Ƙolin Amurka ta ce wanda aka ɗaure yana da haƙƙin samun lauyan da ya yi aikinsa yadda ya kamata a ɗaukaka ƙararsa ta farko. Lauyan Lucey a jihar Kentucky wata takarda ce kawai ya kasa shigarwa, aka kori ƙarar ba tare da an ko duba ta ba. A nan Ohio kuma, bayan shari'ar Murnahan ta 1992, aka kafa ƙa'ida ta 26(B) cikin ƙa'idojin ɗaukaka ƙara, ta fara aiki a 1993. Da ita ake komawa wa kotun da ta saurari ɗaukaka ƙarar, a roƙe ta ta sake buɗewa saboda sakacin lauya. Idan a gundumar Franklin aka yi shari'ar, kotun shiyya ta goma ce.

Kwana 90 ne wa'adin. Ana ƙirga su daga ranar da magatakarda ya shigar da hukuncin a rajistar kotu, ba daga ranar da wasiƙa ta iske yaron a gidan yari ba, balle ranar da ke kika ji. Ƙa'idar ta ce ana iya karɓar wadda ta makara idan akwai ƙwaƙƙwaran dalili, amma kada ki sa rai da wannan. A 2004, a shari'o'in Gumm da LaMar, Kotun Ƙolin Ohio ta ƙi sassauta wa'adin, ga shi kuwa dukansu biyu hukuncin kisa ke kansu. Rashin sanin doka ba uzuri ba ne a wurinsu, rashin kuɗin lauya ma haka. Kuma ranar da takarda ta isa ofishin magatakarda ake lissafi, ba ranar da aka miƙa ta ga mai gadin gidan yari ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To, ga inda nake so ki natsu da kyau. Abin da ya ƙona miki rai, wato rashin ɗaukar waya da rashin zuwa ganin yaron, ba shi alƙalai za su auna ba. Ba na raina shi, rashin mutunci ne. Sai dai ma'aunin da ake amfani da shi, wanda ya fito daga shari'ar Strickland ta 1984, abu biyu yake nema: a nuna aikin lauyan ya gaza abin da ake tsammani daga lauya mai hankali, sannan a nuna akwai yiwuwa mai ƙarfi cewa ba don gazawar ba, da sakamakon ya canza. Ko cewa yaron ya ce masa ya kawo kaza da kaza ya ƙi, wannan ma bai isa ba, don tun 1983 a shari'ar Jones da Barnes aka ce lauya na da ikon tace hujjoji ya ɗauki waɗanda ya ga sun fi ƙarfi. Abin da ake nema shi ne hujjar da ya bari a ƙasa alhali ta fi waɗanda ya kawo nauyi ƙarara.

Kuma dole hujjar ta kasance a cikin kundin shari'ar. Kotun ɗaukaka ƙara ba ta kiran shaidu, takarda take karantawa: duk abin da aka faɗa a zauren kotu, mai ɗaukar bayani ya buga shi kalma da kalma, shafi da lamba. A nan ake tono. Misali daga sana'ata: idan kundin ya nuna wanda ake tuhuma ya ce bai fahimci abin da ake faɗa ba, lauyansa na farko ya nemi tafinta, alƙali ya ce a ci gaba kawai, amma lauyan ɗaukaka ƙara bai ko ambaci wannan ba, to an samu abin riƙewa. Haka idan an yi masa ɗauri biyu a kan laifukan da doka ta ce a haɗe su. A shari'ar Leyh ta 2022, lauya ya ƙalubalanci ɗaurin da aka jera wa mutum ɗaya bayan ɗaya, amma bai sa rubutaccen bayanin zaman yanke hukuncin a kundi ba, sai kotu ta ɗauka komai ya tafi daidai. Kotun Ƙolin Ohio ta ce a sake buɗewa, ta kuma fayyace cewa a matakin farko ba a buƙatar mutum ya tabbatar zai yi nasara, ya isa ya nuna akwai magana ta gaskiya da ta cancanci a duba.

Shaidar da kika ce ta bayyana daga baya kuwa, wadda ba ta zo kotu ba, ba nan ne wurinta ba. Ita takarda ce daban da ake kai wa kotun da ta fara yin shari'ar, kuma wa'adinta kwana 365 ne daga ranar da aka shigar da rubutaccen bayanin shari'ar a kotun ɗaukaka ƙara. Mutane da yawa suna cusa irin wannan cikin takardar 26(B), su cinye shafukansu a banza. Shafi 10 kacal aka yarda, ban da takardar rantsuwa da sassan kundin da za a haɗa. Takardar rantsuwar wajibi ce, rashinta kaɗai kan sa a yi watsi da roƙon.

Abin da ni kaina nake ganin bai yi adalci ba shi ne, a wannan mataki ba dole ba ne gwamnati ta ba shi lauya kyauta. Mutumin da ke kukan lauya ya cuce shi, shi ake so ya gano kuskuren lauya daga cikin ɗakin kurkuku. Sai an amince an buɗe sannan kotu ke naɗa wa marar hali lauya. Kuma sau ɗaya ake yi, in aka ƙi babu na biyu. Shi ya sa nake roƙon 'yan ƙungiya, in za a yi karo-karo, a nan kuɗin zai fi amfani. A nemi lauya daban mai aikin ɗaukaka ƙara, kada a koma wa na da, ba wanda zai rubuta takardar tona asirin kansa. A kuma tuntuɓi ofishin lauyoyin kare marasa hali na jiha da ke nan Columbus.

Kada kuma a gaya miki buɗewa sallama ce. In an buɗe, sabuwar dama ce ta a saurari hujjojin da aka bari, daga nan kotu na iya soke hukuncinta na baya, tana kuma iya tabbatar da shi.

'Yan uwanmu na Bronx da za su karanta wannan, tsarin New York daban ne: can roƙon da ake kira coram nobis ake shigarwa, kuma ba shi da wa'adin kwana 90. Kowace jiha da nata.

Ke dai Hajiya, yau ɗin nan ki ɗauko takardar hukuncin kotun sama, ki duba kwanan watan da ke jikin hatimin magatakarda, ki sa wani cikin yara ya ƙirga kwana 90 a kalanda. Gobe a rubuta wa tsohon lauyan a nemi kundin gaba ɗaya, a ajiye kwafin wasiƙar. In kin samu kundin ki aiko mini, zan karanta miki shi da Hausa kafin ki zauna da sabon lauya.

Allah Ya kawo mafita. Ki gaida mutanen gida.